Yashin Beryl

Litinin, 16 ga Oktoba

An kwantar da ƙanena Clive a asibiti a Adelaide, aikin zuciya. Ya bar mini makullin gida da Beryl, tsakar da yake kiwo. Namiji ɗan shekara hamsin da biyu, ba mata, ba ko kare, sai tsaka mai ƙaton kai da lasisin gwamnati. A mota yana ta nanatawa: "Yaya Lorna, ƙwai biyu ne a cikinta. Kar ki taɓa robar da za ta saka su." Na ce shekara ashirin da shida ina koyar da 'ya'yan mutanen Whyalla, ƙadangare ba zai gagare ni ba. Ya ce, "Ba ƙadangare ba ce, Malama."

Laraba, 18 ga Oktoba

Yau aka shiga da shi tiyata. Na kasa zama, sai na auka wa gidansa da shara. Ƙazanta! Robar nan cike da jan yashi mai danshi, an cakuɗa da ɓawon kwakwa, sai warin ƙasa. Ga wani bokiti guda na irinsa a gefe. Na juye duka a lambu, na wanke robar, na zuba farin yashi busasshe daga shagon kayan gini. Fes.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ya farfaɗo. Muryarsa kamar ta tsoho. Abin da ya fara tambaya: "Ta haƙa rami?" Na ce tana haƙawa. Ba ƙarya na yi ba. Tana haƙawa, ramin na rufowa a kanta.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ta daina cin gyare.

Talata, 24 ga Oktoba

Na ga wani ɗan littafinsa a ƙarƙashin kejin Beryl, da wannan rubutu nasa mai kama da sawun kaza. "Yashi kashi uku, ɓawon kwakwa kashi ɗaya. A dunƙula a hannu: ya tsaya, amma kada ruwa ya ɗiga. In wurin bai yi mata ba, riƙe ƙwan take yi har ya kashe ta." Ni da ɗakina ke cike da littattafai har rufi, shafi ɗaya na ƙanena ban buɗe ba. Don me zan buɗe? Ai Clive ne, wanda nake gyara wa magana tun yana rarrafe.

Na kai ta wurin likitan dabbobi, wata Dokta Petrakis. Ta haska cikin da ƙaramar tocila, ga ƙwan nan biyu, farare. Ta ce, "Wa ya sake mata yashi?" Na ce ƙanena ne, ba shi da lura. Haka na ce. Mutum na kwance an tsaga masa ƙirji, na ɗora masa. Ta yi mata allura, ta ce nan da kwana uku in ba ta saka ba sai fiɗa, kuma masu jiki irin nata ba kasafai suke tashi ba.

Yashin da na zubar ba zai ɗebu ba, a wurin na barbaɗa maganin dodon koɗi. Na haɗa sabo. Sau tara ina dunƙulawa kafin ya tsaya.

Laraba, 25 ga Oktoba

Ko kallon robar ba ta yi. Na yi mata tsawa. Na yi wa tsaka tsawa, ni Lorna.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Clive ya kira, na faɗa masa. Duka, har da ƙaryar da na yi wa likita. Na so ya zage ni, da na san abin da zan mayar. Sai ya ce, "Ki rufe kejin da tawul, ki bar leƙa ta. Ba ta son a tsaya mata a kai, Yaya. Ba wanda ke so."

Na ce to. Kawai.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Da safe na ɗaga tawul. Ta rame, fata duk ta yamutse, hancinta ja da yashi. Ramin a toshe. Ta saka.

Ban tono ba. Na ɗauki cokali, na kai har bakin robar, na ajiye. Na kira Clive na tambaye shi yadda ake tono ƙwan, ya yi bayani kusan minti ashirin, yana haki, yana maimaita kansa. Sau biyu ya yi kuskuren kalma. Na rubuta yadda ya faɗa.