Kawu Sale da Hayaƙinsa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya maigidan, ya yara da ruwan Fatakwal? Mu nan Daura lafiya lau.

Tun bayan Sallah nake aikin lodin shanu, yau Mai'adua gobe wata kasuwa, kuma ba a kore ni ba. Likita a Katsina ya ce ADHD gare ni, wato hankalina ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya ba ni magani, ya ce in nemi aikin zirga-zirga. Maigidana kuma aiki ɗaya yake sa ni, sai na gama ya ƙara wani.

To, Kawu Sale da ya turara ni da barkono wai aljanu ne, yanzu majalisa-majalisa yake bi wai hayaƙinsa ne ya warkar da ni. Har ya rantse sai na koma zaman ofishin da ya gagare ni. Mutumin da bai taɓa tambayata abin da ke damuna ba! Ki kira shi don Allah, ke kaɗai yake jin kunya.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Hayaƙin nan dai ko sauron ɗakina bai kora ba.

Ƙaninki,
Nura