Jan Fenti a Bangon Auta

Aikin farko na yau: goge ƙura daga kekunan ɗinkin da aka kawo gyara, kafin in buɗe shago.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafin ayyukana na yago takardar, na ga ɓarna ce in jefar da ita saboda layi ɗaya. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan, ya raya muku zuri'a. Mu ma nan da godiya. Inna tana cin abincinta, tana faɗanta, kin ga ke nan lafiyarta lau. Maman yara tana nan yadda kika bar ta. 'Yar ƙaramarmu ce tarin ya ƙi saki, likita ya ce ƙura ce, a nisanta ta da ita, kamar dai akwai inda zan kai ta a unguwar nan da ƙurar ba ta riga mu zuwa ba.

Tun da kamfanin haƙar ma'adinai ya cinye gonakin bayan tudu, ramin nasu sai matsowa yake yi. Yanzu idan suka busa jiniya bayan azahar, kowace mace sai ta sauke kwanukanta ƙasa, domin da nakiya ta tashi, ƙasa za ta motsa har cikin cinyar mutum. Rijiyar Baba ta ja baya, ɗan abin da ya rage ɗanɗanon ƙarfe gare shi, ko awaki sai su shinshina su juya. Tankar kamfani muke jira. Duk wannan na saba, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Kin tuna yadda muka raba gida bayan rasuwar Baba, ni da Inna a sashen gabas, Auta da matarsa a na yamma, zaure ɗaya. Da fashe-fashen suka fara tsaga bango, ni ba na iya barci ina kallon tsaga. Da na gani sai in sayo siminti, in kwaɓa, in liƙe, in shafe, in bi da farar ƙasa har ba a gane wurin. Auta kuwa kin san halinsa. Tsagar ɗakinsa har ƙadangaru sun yi gida a ciki, ya tura tsohon wando ya toshe, ya ce kamfani ya buɗa masa taga kyauta. Na yi masa faɗa har bakina ya gaji. Na taɓa kai masa ragowar simintina, ya bar shi a bakin ƙofa ruwa ya doke shi ya zama dutse, yanzu a kansa yake zama yana shan shayi.

To, a watan jiya kamfani ya turo ma'aikata su duba gidajen da ke kusa da rami. Duk sashen da suka ga ya tsage sosai sai su shafa masa jan fenti, ma'ana za a tashi masu shi a ba su sabon gida a can nesa. Suka shiga wajen Auta, ɗayansu ya zare wandon nan, ya ga rana ta bango, bai ko tsaya awo ba ya ce a kawo fenti. Suka zo nawa, na yi shara, na shimfiɗa musu tabarma. Babban cikinsu ya shafa bangona da tafin hannu, ya yaba, ya ce da kowa yana kula da gida haka da aikinsu ya yi sauƙi. Na ce masa ai a ƙarƙashi duk tsage yake, ni na liƙe. Ya yi murmushi ya ce su abin da ido ya gani suke rubutawa. Yaya, har godiya na yi masa. Sai da suka fita na ga jan fentin ya tsaya daidai ƙofar zaure, ta ɓangaren Auta.

Na je na ga sababbin gidajen, ban gaya wa kowa ba, na fake da kai wa wata tela kekenta. Ƙanana ne, ba inuwa ko ta bishiya ɗaya, ba wurin ɗaure akuya, kasuwa da nisa. Ina tafe ina lissafa wa kaina aibinsu, har na iso wani famfo da aka bari a buɗe, ruwa fari tas yana zuba a ƙasa ba mai tarewa. Na tsaya. Can ba a jin jiniya. Na shafa gilashin wata taga da yatsa, yatsan ya fito yadda ya shiga. A hanyar dawowa ban iya gaisawa da kowa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin zafin Auta, zafin da ban san ina da irinsa ba. Idan na ji matarsa tana waƙa tana ɗaure kaya, sai in ture kwanon abincina. Ta shigo rannan tana tambayar maman yara wane launin labule zai dace da farin bango, maman yara ta ba ta amsa da fara'a, ni na tashi na fita. Shi kuma ba ya ko yi mini gori, da ya yi da na sami abin riƙewa. Yana wucewa yana fito, hula a karkace, mutanen unguwa suna tsokanarsa wai ragwanci ya gina masa gida, yana cewa su yi koyi da shi tun da sauran lokaci. Wani lokaci sai in tambayi kaina ko dama can ba don gidan nake liƙe-liƙen ba, don a ce na fi shi ne. Ban sani ba. Na juya maganar ta kowace fuska, ba ta tsaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Ta kira ni ta ce za ta bi Auta, gwiwarta ba ta son girgizar nan, kuma a can ba sai an jira tanka kafin ta yi alwala ba. Ta ce in ba ta 'yar ƙaramar ta tafi da ita saboda tarin. Gaskiya ta faɗa, na sani. Amma shekara da shekaru ni ke kai ta asibiti, ni ke sanin ranar da maganinta zai ƙare, yau ga shi uwata da 'yata duk za su koma ƙarƙashin rufin mutumin da ya toshe bango da wando. Na ce mata to. Ta dube ni ta ce wannan to ɗin irin na Babanku ne, mai ƙaya a ciki.

Ma'aikatan za su dawo mako mai zuwa saboda waɗanda suka kai kuka, daga nan an rufe duba gidaje. Auta ne ya leƙo shago ya ce mini, Yaya mai siminti, ka kankare kwalliyarka mana, su ga abin da ke ƙasa. Na kore shi, na ce ni ba na ha'inci. Bayan ya tafi na yi ta tunani: wanne ne ha'incin, kankarewar ko liƙewar? Jiya da hantsi, da yara suka tafi makaranta, na ja kabad na ɗan fasa shafen da ke bayansa, wai in gwada. Yaya, simintin ɓawo ne kawai. Hannuna ya shige har wuyan hannu, ƙasa tana zubowa, na ji iskar waje a yatsuna. Tsagar ta fi ta Auta faɗi. A gindin bangon nan gadon yarana yake, ni kuma ina barci da daɗi saboda na ga fari sumul.

Shi ya sa na rubuto. Kina da haƙƙi a ginin nan kamar kowa, kuma hannun Baba ne ya ɗora shi. Zan kankare duk abin da na shafa, ciki da waje, gidan zai yi muni ƙwarai, kuma mai yiwuwa su ce ni na fasa da gangan su hana ni. Ba zan iya jiran amsarki ta iso ba, amma ba na so ki ji a bakin wani. Ki yafe, ki sa mu a addu'a. Maganar zafin da nake ji kuma ta tsaya tsakanina da ke.

Ki gaishe mini da maigidanki, da babbar 'yarki mai karatun jinya, da tagwaye, da surukarki. Inna da maman yara suna gaishe ku. Auta ma ya ce in gaishe ki, ya ce ki shirya zuwa ganin famfo. Allah ya sada mu cikin alheri.

Ƙanenki,
mai gyaran keke.

Ayyukan gobe, tunda takardar ta rage:

Janye gadon yara zuwa tsakar ɗaki.
Neman itace biyu masu ƙarfi a tokare bango kafin a taɓa shi.
Aro guduma wajen maƙeri.
Fara kankara daga waje, inda za su fara gani.
Rubuta wa matar Auta lokutan maganin Inna, da na tarin yarinya.
Shiga sashen yamma in yi wa Auta murna. Wannan kullum sai na rubuta ta, kullum sai ta kwana.