An Hana Mijina Bola, Ya Bar Ƙafarsa a Lambatu

Zuwa ga Shugaban kamfanin da aka danƙa wa kwashe sharar unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka.

Sunana Falmata, a Yakasai nake aure. Mijina Malam Bukar ɗan bola ne. Tun kafin aurenmu yake tura kurarsa cikin lungunan da mota ba ta shiga, ya kwashe wa mutane shara, ya tsince roba da gwangwani da ƙarfe. Ni kuma in wanke gorunan ruwa in sayar wa masu zoɓo da kunun aya. Da wannan muke ciyar da 'ya'yanmu, ba mu taɓa roƙon kowa ba.

Kukana na farko, da kuka karɓi aikin ba wanda ya kira 'yan bola ya ji ta bakinsu. Sai wayar gari suka yi an kewaye bolar, an sa mai gadi, ana ce musu ɓarayi. Ban ce babu ɓata-gari a cikinsu ba, amma mijina masu gida da kansu ke kiransa har tsakar gida. Ranar da ya je juye shara kamar yadda ya saba, yaranku suka ƙwace kurar. Har yau tana hannunku.

Na biyu shi ne abin da ya biyo baya. Da ya rasa bola da kura, sai ya koma shiga babban lambatu wajen Ƙofar Mata da buhu, yana tsamo robobin da ruwa ya tara. Da silifas yake shiga. Fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, domin ranar da ya kwanta ba ma ɗora tukunya. Ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Da muka kai shi asibiti likita ya ce mun makara. Daga gwiwa aka yanke ta. Yanzu a zaure yake wuni, in maƙwabta sun zo dubiya sai ya juya fuskarsa bango.

Lungunmu kuwa shara ta toshe shi, tunda motarku a bakin titi take tsayawa.

Ranka ya daɗe, ba sadaka nake nema ba. Ku maido da kurar, ƙaninsa zai tura ta. Ku zauna da 'yan bola, ku yi musu rajista da katin shaida don a bambance su da ɓarayi. Ku ba su takalman roba da safar hannu, ku ware musu wurin tsinta, su riƙa fito muku da sharar lungu zuwa titi. Ku hanzarta, domin abokan mijina har yanzu cikin lambatun nan suke shiga kowace safiya, ga damina ta gabato.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da ganin irin abin da na gani.

Wassalam.

Falmata, matar Malam Bukar,
Yakasai, Kano.