Tabon da ke Hoton Taurarin Yaya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba.

Yaya, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Na ga hoton da ka kai baje kolin ƙungiyarku ta masu ɗaukar hoton taurari, na gungun taurarin nan mai nisa da ya murɗe kamar katantanwa. Ya yi kyau. Sai dai sunanka na gani a ƙasansa, kuma a kusurwar hagu ga ɗan tabon nan mai kama da zobe. Na san shi kamar yunwar cikina. Madubin hangen nesan Baba kaɗai ke barinsa, tun da gilashinsa ya karce. Duk hotunan da ke bangon falo suna da shi.

Kai da ba ka iya jiran ruwa ya tafasa, yaushe ka koyi tara ɗaruruwan hotuna kana haɗa su su zama ɗaya? Iyakar sanina, ƙafafun madubin kawai kake ɗaukar masa zuwa saman bene. Kuma kai ka tafi da kwamfutarsa bayan rasuwa, wai gyara. Biri fa ya yi kama da mutum, kuma raina ya ɓaci. In aikin Baba ne, ka mayar masa da sunansa kafin in sanar da abokansa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Shirunka ya ƙara mini zargi, sai na kai ƙararka wajen Mama. A nan ta gaya mini abin da kuka ɓoye. Ashe a shekarunsa na ƙarshe, yanar ido ta hana Baba ganin ko da wata sosai. Kai kake saita madubin, kai kake haɗa hotunan, shi yana kan kujera kana ba shi labarin abin da ya fito. Rabin hotunan bangon naka ne, amma da sunansa. Wannan na baje kolin kuwa bayan rasuwarsa ka ɗauka, kai kaɗai.

Na tashi zan gyara sunayen na bango, Mama ta hana, ta ce haka ka so. Kunya ta ishe ni, Yaya. Ka bar sunanka a kan wannan. Ranar da ka zo, ni zan ɗaukar maka ƙafafun madubin.

Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Auta