Hoton Malam Babakura

Limawa, Jimeta

Adda Kellumi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya Ngurore, ya jikin mahaifinki, Baba Malam? Shekara tara ba mu gaisa ba, kuma laifina ne.

Yanzu ina koyarwa a jami'a. Bincikena kan yadda ƙwaƙwalwa take tsorata da fuskar wata ƙabila tun kafin mai ita ya yi tunani. Mukan sa wa mutum hula mai wayoyi, mu nuna masa hotuna, na'ura ta auna. Ina neman hotunan masu tsagar Barebari. Ko Baba zai yarda a ɗauki nasa?

Ni kaɗai nake zaune, daga ofis sai ɗaki.

Ƙanwarki,
Surayya

Ngurore

Dakta Surayya,

Mun gode da gaisuwa. Ashe sai an sa hula ake gane tsoro? Da kin tambaye ni da na hutar da ke. Kwana uku bayan bam ɗin kasuwar Jimeta, ni da Baba muka shiga Keke Napep a Luggere. Mata biyu suka dubi fuskarsa suka sauka. Ɗayarsu ke ce, ke da ya koya wa Fatiha. A watan nan muka kwashe kayanmu muka bar garin.

Ki gaida na'urarki.

Kellumi

Limawa

Adda,

Ni ce. Ban manta ba ko na rana ɗaya, kuma abin da ya sa ni wannan karatun ke nan. Na so na'ura ta ce mini ba ni ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta riga ni. Na sa hular da kaina. Tsoron bai kai ƙiftawar ido ba, sauran duk ni ce na zaɓa: na ɗauki jaka, na sauka, ban waiwaya ba.

Neman hoton nan hujja ce kawai. So nake in zo in durƙusa a gabansa. Ki roƙa mini izini.

Surayya

Ngurore

Surayya,

Salamu alaikum. Baba ya rasu da azumin bara. Har ya koma ga Allah, in na tayar da zancen sai ya ce, “Yarinyar nan ba ta gan ni ba ne.” Ni na san kin gan shi, amma ban taɓa yi masa musu ba.

Ga hotonsa na sako miki. Kada ki sa shi a na'ura.

Addarki,
Kellumi