Da Muryata Na Sanar da Rasuwar Baffana, Alhali Yana Raye

Hajja Hadizatu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, na rasa inda zan sa kaina. Ban sa sunana ba, ko da yake duk Bahaushen Umdurman da ya karanta wannan zai gane ni tun bai kai rabi ba.

Ni ce yarinyar da ta haɗa manhajar sanarwar rasuwa ta waya. Kwamfuta na karanta a jami'a, yaƙi ya tarwatsa mu kafin in samu aiki. Kin san yadda muka koma: wasu Gadarif, wasu Kassala, wasu Bortsudan, wasu har Alƙahira. Sai mutum ya rasu a binne shi, ƙanwarsa ba ta da labari. Kakata ta wajen uwa a bakin direban mota muka ji rasuwarta. Shi ya sa da muka dawo gidanmu a unguwar Kalakla na zauna da tsohuwar laftof ɗina na haɗa ɗan abin nan, ni kaɗai, ba kamfani ba ofis. Idan an yi rasuwa, wani daga unguwar zai kira ni, in rubuta suna da wurin jana'iza da lokaci, in kuma naɗi muryata da Hausa da Larabci saboda tsofaffin da ba sa karatu. Ina dannawa duk wayar da ke da manhajar za ta yi wata ƙara ta daban, sannan ta karanto. Ban taɓa karɓar komai a kai ba. Mutanenmu suka karɓe ta hannu biyu, ni kuma, gaskiya, kaina ya ɗan fasu.

Ina da baffa, Baffa Uthman, wan mahaifina, a unguwar Dar Salam ta Umdurman yake zaune. Shi ya tsaya mana bayan rasuwar Abba, shi ya dage sai na yi jami'a lokacin da wasu ke cewa ya isa haka. Amma Hajja, bakinsa! In ya fara zolaya ba ya duba wa ke wurin. Kwanan baya aka yi suna a gidansa. Ina shiga tsakar gida ɗauke da tiren shayi ya ɗaga murya ya ce kowa ya duba wayarsa, ga Azara'ilun aljihu ta iso. Aka kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya ce ya rasa wane namiji ne zai auri macen da ba a jin muryarta sai an mutu. Akwai baƙi maza a wurin, akwai wanda ban so ya ji hakan ba. Na yi murmushi na ajiye tiren, amma har na hau mota na tsallaka gada ina jin zuciyata na tafasa.

Washegari da hantsi wuta ta dawo, na zauna gyaran wata matsala: a tsofaffin wayoyi muryar na yankewa kafin ta kai ƙarshe. Dole in yi gwaji da doguwar sanarwa. Kullum in zan gwada, Wane ɗan Wane nake sawa. Ranar shaiɗan ya zauna min a kafaɗa, na rubuta cikakken sunan Baffa, da unguwarsa, na sa jana'iza bayan la'asar. Na gyara murya na karanto kamar gaske, na ce Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, sai na ƙara da cewa musamman na baki. Har dariya na yi ni kaɗai. Abin da na manta shi ne, manhajar gwajin da ta gasken kamanninsu ɗaya, kuma tun ranar da na tura wata sanarwa ta gaske ban mayar da ita gwaji ba. Na danna. Wayata ta yi ƙara, na ce madalla. Sai na ji ta Umma ma ta yi ƙara a kicin.

Innalillahi! Na ji ludayi ya faɗi, na ji muryata na fitowa daga kicin tana yi wa Baffa addu'a. Muryar ba ta yanke ba kuwa, gyaran ya yi, kowace kalma ta fita tar. Na duba yadda zan janye, babu, don ban taɓa sa maɓallin janyewa ba, ban taɓa kawo wa raina za a buƙace shi ba. Kafin in rubuta gyara sabis ya ɗauke, kamar yadda ya saba.

Baffa kuwa tun safe ya tafi kasuwa, wayarsa ba caji, shi kuma dama bai taɓa sauke manhajar ba. Aka yi ta kiransa, a kashe. Matarsa ta yanke jiki ta faɗi. Maƙwabta suka cika gida da kuka, maza suka fara kafa rumfar makoki a ƙofar gida, samari suka ɗauki diga da shebur suka nufi maƙabarta. Ana ta tambayar ina gawar take, kowa na tsammanin wani ya sani. 'Yarsa Munira, wadda muka taso ɗaki ɗaya, tana Alƙahira da tsohon ciki, sai da aka kai ta asibiti. Alhamdulillahi ita da cikin lafiya, amma har yau ba ta ɗaga wayata. Da azahar sai ga Baffa ya sauko daga raksha, babur ɗin hayan nan mai ƙafa uku, da ledar tumatir a hannu, ya tarar da zaman makokinsa. An ce wasu matan gudu suka yi. An ce da ya gama jin bayani sai ya nemi a kai shi ya ga kabarin da aka fara haƙawa. Ya daɗe tsaye a bakinsa, sannan ya karɓi shebur ya taya su mayar da ƙasa.

Da sabis ya dawo na tura cewa kuskuren na'ura ne. Hajja, wannan ƙaryar ta fi komai ba ni kunya. Wace na'ura ce ta san Baffa na da baki? Yanzu yara a layinmu in sun hango ni sai su ce musamman na baki, su ruga. Na daina fita, ko shago ba na zuwa. Umma kullum sai ta ce in shirya mu je Dar Salam, ni kuma in ce kaina na ciwo. Shi bai kira ba, bai aiko ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. An ce ma ya daina zolayar kowa, yana zama shiru a ƙofar gida, kuma ni na jawo.

Abin da ya sa na rubuto miki yau shi ne Inna Laraba. Tsohuwa ce mai sayar da shayi a bakin tashar Dar Salam, ba wanda bai sha shayinta ba, ba ta da kowa sai ɗa ɗaya. Makon jiya ta rasu, rasuwa ta gaske. Aka kira ni, na tura sanarwar. Mutane suka ji, suka ce bari a tabbatar tukuna, kar a sake yin na Uthman. Kafin su tabbatar an binne ta. An ce min ko sahu ɗaya bai cika ba a sallar jana'izarta. Matar da ta shayar da rabin Umdurman!

Na buɗe laftof sau da yawa da niyyar goge manhajar gaba ɗaya, in huta kowa ya huta. Sai in tuna na Gadarif da na Alƙahira ba su da wata hanyar ji. Sai kuma in ce ai yanzu ko sun ji ba sa yarda. In goge ne? Kuma da wace fuska zan shiga gidan Baffa? Wani lokacin har haushi nake ji, in ce shi ya fara, sai kunya ta sake rufe ni.

'Yarki da ta kasa fita, Kalakla

*

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya a wuri ɗaya, na share hawaye a wurin Laraba, don ni ma na sha shayinta.

Bari in fara da baffanki. Bai kyauta ba. Zolayar budurwa da maganar aure a gaban baƙi ba wasa ba ne, kuma haushin da kika ji na mutum ne mai jini a jika. Amma shi a tsakar gida ya yi nasa, ke naki ya tsallaka har Masar. Kin kuma haɗa abubuwa uku kina kiran su kuskure ɗaya. Dannawar kuskure ce, kowane ma'aikaci na yin irinta. Sa sunansa da wannan ƙarin maganar fushi ne. Ɗora wa na'ura laifi kuwa tsoro ne, kuma shi ne wanda har yau kike ci gaba da yi duk ranar da kika ce kanki na ciwo.

Kada ki goge manhajar. Gogewar ke za ta sauƙaƙa wa, ba mutane ba, kuma abin ya daina zama naki ke kaɗai tun ranar da tsofaffi suka fara jiran ƙararsa. Gyara za ki yi. Ban san aikinku ba, amma na san ba a ajiye gishiri da sukari a gwangwani iri ɗaya. Ki bambanta ta gwaji da ta gaske yadda ko da gyangyaɗi ba za ki rikita su ba, ta gwajin kuma kada ta iya kaiwa ga wayar kowa sai taki. Ki sa maɓallin janyewa. Mafi muhimmanci, ki sauke wannan kaya daga kanki ke kaɗai: kada sanarwa ta fita sai limamin unguwa da wani daga iyalan mamaci sun tabbatar, a kuma ji muryar ɗayansu yana faɗin sunansa. Mutane za su dawo da yarda idan sun ji muryar da suka sani a masallaci. Ba za ta dawo a mako ɗaya ba, ki yi haƙuri.

Bayan haka ki tura saƙo ɗaya, gajere, da muryarki: ba na'ura ba ce, ni ce, na yi cikin fushi, ga abin da na gyara. Yara za su gaji da waƙar da mai ita ta riga ta amsa. Ki je ki yi wa ɗan Laraba ta'aziyya ƙafa da ƙafa, ki roƙi limamai a sanar da ranar addu'a dominta, a cika mata wurin. Munira kuwa ki aika mata ban haƙuri ki ƙyale ta, sai ta sauka lafiya.

Amma duk wannan bayan Dar Salam ne. Kada jama'a su ji ban haƙurinki kafin shi. Gobe da safe ki bi Ummanki, ki durƙusa, ki faɗi abin da kika yi ba tare da kin ce shi ya fara ba. Wannan ya sani, kuma ina zaton yana cikin abin da ya sa shi shiru. Sauran shirun ba lallai fushi da ke ba ne. Dattijon da ya leƙa kabarinsa da idonsa yana da abin tunani da ya fi ki girma. Zai iya yin faɗa, zai iya kau da kai, ki jure ki sake komawa.

Kin tambaye ni da wace fuska za ki shiga. Da wannan mai kunyar, ita ake so. Duk mutanen da kika taɓa sanar da rasuwarsu sun tafi, ko ƙafarsu kika taka ba ki da damar neman gafara. Wannan kaɗai yana zaune a ƙofar gidansa, kuma ba ki san ranar da za a kira ki a ce ki tura ta gasken ba. Ki je tun yana iya amsa sallamarki.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya sauki Munira lafiya, ya jiƙan Laraba, ke kuma ya yi miki albarka a aikin hannunki.

Hajja Hadizatu