Kurungun da ke Iyo a Rigingine

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa ƙafarki sauƙi. Mu nan lafiya lau, Inna surukata ma tari ya sake ta, har ta koma faɗa da kaji.

Na ga saƙonki, wai in zo in huta wata biyu a wurinki, tunda kin ji an ce maigidana ba ya magana, kaɗaici zai kashe ni. Gaskiya ne, Yaya, bai iya zance ba. A littattafan da nake karantawa fure ake kawo wa mace, ni kuwa kifi aka kawo mini a bokiti. Ɗan kurungu ne, bai fi tsawon yatsana ba, jikinsa sumul da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ga gashin baki har shida kamar tsohon alƙali. In an ɗaga shi sai ya miƙe ƙayoyinsa yana gurnani.

Na sa shi a roba bayan ɗaki. Washegari na tarar da shi a rigingine, ciki sama. Na zauna na sha kuka, don a littafi in kyautar miji ta mutu, auren ne ke biye. Inna ta yi ta dariya, wai ba ta taɓa ganin mai zaman makokin naman miya ba. Maigidana kuwa da ya dawo daga kamun kifi bai yi dariya ba. Tsugunawa ya yi kusa da ni, ya ce haka irinsu suke iyo, shi ya sa cikinsu ya fi bayansu duhu. Ya ce ƙarƙashin itacen da ya nutse a kogi suke zama, inda ruwa ke kwance, suna tsintar ƙwari a bayan ganye. Ya fita ya samo guntun itace ya sa masa don inuwa. Tun aurenmu ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Yanzu kullum da la'asar tare muke leƙa robar, ina tambaya yana amsawa.

Don haka kar ki turo a ɗauke ni, littattafai kawai za ki aiko. In an gaya miki an gan ni a rigingine, kar hankalinki ya tashi, iyo nake yi.

Ki gaida Gwaggo da Kawu Dogo, ki ja mini kunnen 'yan biyu.

Ƙanwarki,
Auta